Gwaji Na Uku, Kar A Goge

A gwangwanin biskit, ƙarƙashin gadon Baffa Yero,
tsakanin rasit ɗin wuta da makullan da ba su da ƙofa,
na tsinci kaset, takardarsa ta yi ja kamar bakin mai cin goro.
Da shuɗin biro, rubutun bahago:
Gwaji na uku. Kar a goge.

Kwana biyu ina zaga Gombe da shi a aljihu.
A Tsohuwar Kasuwa yara masu tura waƙa a waya
suka juya shi gaba da baya, suna neman inda ake sa caji.
Sai a Herwagana, a wani shago mai warin dalma,
Malam Gidado ya zura biro a ramin, ya ɗaure zaren,
ya goge bakin rediyo da auduga,
ya ce, zauna, irin wannan ba a jin sa a tsaye.

Da farko shuuu, kamar ana sheƙar gero a gidan maƙwabta.
Sai tari.
Sai wani ya ce, ya kama?
Sai fiyano ta shigo tana ɗingishi.

Na san ta tun kafin ta kai layi na biyu.
Wa bai san ta ba?
Ita ce ta mallake bukukuwa shekara goma, daga Kumo har Agadas,
'yan acaɓa suna fito da ita a bakin danja,
masu shayi suna buga ta da cokali a jikin kofi.
Amma a nan ba ta yi wanka ba tukuna,
ba gwaggwaro, ba amshin 'yan mata shida,
gangar inji kawai, tak, tak, kamar famfo mai yoyo,
da muryar Baffana, siririya, tana jin kunyar kanta.

Mai kiɗan Ishaya ne, ɗan Billiri,
fiyanon aro daga coci, a mayar kafin Lahadi.
Maɓalli ɗaya ya mutu a tsakiya.
Ana jin Baffa yana cewa, to ya za mu yi?
Ishaya ya ce, zan tsallake shi.
Ya tsallake.

Wannan tsallen, jama'a,
shi ne wurin da amare ke ɗaga kafaɗa,
wurin da ake zubar da kuɗin liƙi.
Da waƙar ta tafi Kano a bakin wani,
aka buga ta da sabuwar fiyano mai haƙora cikakku,
kuma suka tsallake wurin, su ma,
suna zaton gwaninta ce.

Akwai baiti ɗaya da bai hau mota ba.
Ba soyayya a cikinsa, bashin mai shago ne
da katifar da aka sayar aka sayi batir.
A tsakiyarsa zakara ya yi cara ba lokacinsa ba,
wata mata daga tsakar gida ta ce,
Yero, tuwon nan fa zai huce.
Adda Dudu ce. Shekara goma sha tara rabona da muryarta.
Ya ce, ina zuwa,
dariya ta kama shi, bai tsayar da kaset ba.

Daga nan batir ya fara mutuwa,
sautin ya yi nauyi, ya ja ƙafa,
saurayi ya tsufa a kunnena cikin minti ɗaya.

Malam Gidado ya ce, ka sa ta a waya, duniya ta san mai ita.
Wataƙila. Ban ce a'a ba.
Baffa dai ya sha jin ta a motar haya
bai taɓa ce wa direba komai ba, sai dai ya ƙara murya.

Na ce, Malam, mayar da ita baya kaɗan.
Ba wurin tsallen ba.
Wurin tuwon.