Ganye a Kan Kwali

Sha ɗayan dare a Izmir.
Jirgin ruwan ƙarshe ya tsallaka gaɓa,
shayina ya huce a ɗan kofin gilashi,
na tasa kwali a gaba wanda bai zama kwali ba tukuna.
Shimfiɗe yake a allon kwamfuta kamar fatar da aka jeme,
jan layi inda wuƙa za ta bi,
kore inda zai lanƙwashe.
Ɓauren Aydin za a zuba masa, busasshe, rabin kilo.

Na buɗe sabon falle a manhaja, na raɗa masa suna zinare.
Zinare a allo ba ya zuwa da kamarsa,
ruwan hoda nake shafawa mai kashe ido,
inji ne zai gane nufina.
Falle na biyu na ƙyalli ne,
ban bar shi ya malale ko'ina ba
sai bayan ɗan ɓauren,
ya zama kamar raɓa ta kwana a kai.
Na uku tudu,
inda tagulla za ta turo takarda ta baya
har ganye ya taso ya tarbi yatsa.

Usta Rustem na maɗaba'a ya sha ja mini kunne:
"Nermin, takarda tana numfashi.
Bar wa launi rabin milimita ya shige ƙarƙashin zinare,
in ba haka ba fari zai leƙo ta tsakani
kamar haƙorin mai gulma.
Ki kuma janye shi daga lanƙwasa, zai tsage."
Bara ɗan akwati ɗaya na manta ban latsa ba,
kwali dubu shida suka fito da farin gurbi a mazaunin suna.
Bai yi faɗa ba.
Guda ya aiko mini cikin ambulan,
ga shi nan jingine da fitilata.

Don haka na duba, na sake dubawa,
na juya kwalin a allo
hasken ƙarya yana gudu a kan zinaren ƙarya,
sannan na tura.

Ran Alhamis samfuri ya iso da warin tawada.
Na kai wa kakata Durdane,
wadda ta yi shekara sittin tana tsinkar ɓaure
kafin yana ta rufe mata ido.
Zinaren bai dame ta ba.
Ƙyallin ta ce, "Santsi."
Sai babban yatsanta ya faɗa kan tudu,
ya bi gefe a hankali, ya dawo, ya sake bi.

"Wannan ganyen inabi ne."

Na ce haba.
"Na ɓaure yatsu gare shi masu kauri,
bakinsu a dunƙule, ba haƙoran zarto,
ga kaushi kamar harshen kyanwa.
Wa ya ba ki wannan?"
A rumbun hotuna na saya,
an rubuta ɓaure a ƙasansa, ni kuwa na yarda.

An riga an sassaƙa tagullar.
Mai kamfani ya sa hannu, har ya yaba.
Wa zai gane a kantin filin jirgi?
Cikin ɓaure aka ce ba a tonawa,
ni bayansa aka tona mini.

Ta tura ni bayan gida na tsinko guda,
farin ruwansa ya sa wuyan hannuna ƙaiƙayi.
Daren nan na bi shi jijiya bayan jijiya,
ina sosawa, ina zanawa,
na goge tsohon fallen tudu gaba ɗaya.

Da safe na kira Usta Rustem.
Shiru, sai ƙarar inji a bayansa.
"Tsohuwar ce ta gani?"
Na ce, taɓawa ta yi.
Ya yi tsaki, ya ce, "Turo. Sai Litinin."