Inda Zan Kafa Turke

Shekara talatin ina bayan sitiyari,
Kano zuwa Jos, Jos zuwa Kano.
Duk na wuce Doguwa sai in sassauta ƙafa,
in dubi duwatsun Riruwai sun yi rawani da gajimare,
in ce, ranar da na aje makulli, can zan je hutawa.

To, na aje. Ido ya ce ya gaji,
gwiwar dama ta yi tsami kamar kunun jiya.
Na ɗauko Dela, muka bi Nomau dillali,
mutumin da a bakinsa ko fako fadama ne,
ko kan fa ne sai ya ce ana shuka dawa.

Ya fara kai mu can ƙoli.
Iska ta daki ƙirjina, na ji ni ɗan ashirin.
Ƙasa ta shimfiɗu a gabana kamar tabarma,
gonakin masara, rufin kwano ɗaya ɗaya,
shaho na shawagi a ƙasa da ƙafata.
Na ce, nan ne.
Dela ba ta ce uffan ba.
Ta nemi dutse ta zauna, tana maida numfashi,
can ta ce, Malam, rijiyar tana ina?
Nomau ya nuna kwari da haɓa.
Ta ce, kai za ka sha kallo, ni in sha hawa?

Muka gangaro bakin hanya.
Ga kasuwa, ga mai shayi, ga ɗakin shan magani,
waya na kamawa ko a ƙuryar ɗaki,
jikoki za su kira ta su ce, Kaka, kin tashi?
Fuskarta ta washe.
Ni ko sai ga wata gingimari ta tunkari tudu,
na ji direban ya makara wajen sa giya,
hannuna ya motsa shi kaɗai cikin aljihu.
Na ce, Dela, in na kwana nan ban yi ritaya ba,
kowace mota ni zan tuƙa ta har wayewa.

Rana ta karkata, kowa ya ɗaure fuska.
A tsakiyar gangare, gindin wata ɗorawa,
wani tsoho na ɗaure amya da igiyar rama.
Sunansa Bagudu. Bai tambaye mu kuɗinmu ba.
Ya ce, baƙo, kada ka auna fili da tsakar rana.
Auna shi da asubar Agusta,
ruwa na zuba, fitila ta mutu, ladan ya kira.
In ka iya kai kanka sahu, gida ne.
Kuma ka duba, ranar da aka ɗauko ka a kafaɗa,
kada masu ɗaukar su yi ta zamewa.

Na yi dariya, amma ta tsaya min a wuya.

Matarsa ta fito da dafaffen dankali a ƙwarya,
ta ja Dela gefe, suka shiga ƙus-ƙus
kamar tare aka yaye su.
Na ji ana zancen kuka, da barkono, da wanda ke da injin niƙa.
Ashe ciniki ya faɗa, ni da Nomau ba mu da labari.

Yanzu ga ni nan. Ɗaki biyu da zaure.
Ƙoli na samana, ina gaishe shi daga nesa.
Hanya na ƙasana, sai iska ta juyo nake jin ta.
Taku ɗari da sittin zuwa masallaci, na ƙirga,
ɗari da tamanin in gwiwa ta tashi da rigima.
Waya ba ta kamawa sai a kan dutse guda,
bayan garkar Bagudu.
Kullum da la'asar Dela na can a tsaye,
hannu a sama kamar mai roƙon ruwa,
tana cewa, ku zo hutu, akwai zuma,
ku taho da rigar sanyi, nan ba Kurna ba ce.

Ni kuwa na kafa turke, na ɗaure akuya biyu.
Jiya ɗayar ta haihu.
Ban taɓa tsayawa wuri guda
har na ga farkon abu da ƙarshensa ba
sai bana, gindin ɗorawa.