Ƙadangare a Sheffield

Ƙarfe biyun dare, ruwa na dukan taga.
Na gama zana ƙadangare
da layi da ɗigo zalla,
irin zanen da ko an ja shi ya kai tsayin bene
gefensa ba ya dagulewa.

Amma manhajar motsi ba ta karɓar abu ɗungurungum.
Sai na feɗe shi kamar mahauci,
kai daban, wuya daban,
jela gaɓa bakwai, kowace da sunanta.

Da na tsallaka da su,
jan kansa ya koma ruwan toka,
ido ɗaya ya maƙale a baya,
kan kuwa na ta wulwulawa kamar fanka.
Na cire ƙusar juyi, na dasa a gindin wuya.

Na danna.
Ya gyaɗa kai. Ya ƙara,
sak na katangar gidanmu a Gumel da hantsi.

Rumaisa ta fito shan ruwa, ido rabi a rufe.
Nan aka haife ta, ba ta taɓa ganin mai rai ba.
"Baba, wa yake ce wa e?"

Mista Holroyd na jiran aikin ƙarfe tara.
Na ɗora ta a cinya,
ita ta danna.