Ku Kwafe, Ina Zuwa

Ni na rubuta a allo da hannuna:
zambo kibiya ce mai ɗauke da suna,
habaici kuwa jifa ne a kasuwa,
wanda ya faɗa wa shi ya san zafinsa.
Na ce gobe kowa ya zo da misali guda,
in ba haka ba, ga dorina.

Aji biyu na ƙaramar sakandare,
can gabas da Jahun, inda rufin kwano
ya yi ƙaura tun daminar waccan.
Rabinmu a inuwa, rabinmu a rana.

Barau ya kawo na mahaucin unguwarsu
mai auna ƙashi da sunan tsoka.
Tanimu ya aro daga bakin kakarsa,
ya zubar da rabi a hanya.
Na ba su biyar-biyar, ina hamma.

Sai Tsahare ta miƙe,
yarinyar da ba na jin muryarta
sai wajen amsa suna.
Ba takarda a hannunta.
Ta tsinci kara ta saƙala a kunne,
ta zo gaban allo, ta yi tari sau biyu,
ta dubi tsintsiyar hannu, ba ko agogo,
ta leƙa taga wajen da amalanke ke bi,
ta ja layi uku na shirme da alli,
ta kaɗe tafi, ta kumbura murya:
"Ku kwafe, ina zuwa."

Ta fita.

Muka jira.
Ƙadangare ya hau bango ya sauko.
Wata akuya ta leƙo, ta ga ba darasi, ta wuce.
Yara arba'in da bakwai sun haɗiye dariya,
tana ta motsi a kafaɗunsu.
Ni kuwa hannuna ya kai kunnena da kansa,
ya tarar da biro.

Sai da aka buga tsohon wilin mota
da ke rataye a jikin darbejiya
ta dawo tana share gumin ƙarya,
tana ƙirga ganye kamar kuɗi,
ta ce: "Riɗi ya faɗi yau.
To, ina muka tsaya?"

Nan ajin ya ɓare.

Kowace Laraba ke nan, shekara shida.
Sufeto ya zo sau uku,
ya rubuta, ya ci zabo, ya tafi.
Hedimasta ya yi mini nasiha a ofis,
alhali buhunsa na kan amalanken nan
kusa da nawa.
Duk ba wanda ya taɓa ni
sai guntun kara a kunnen yarinya.

Dorina na kan tebur. Na dube ta, ta dube ni.
In na ɗaga, na amsa laifi ke nan,
don Tsahare ba ta kama suna ba,
kuma ni ne na koya musu jiya
cewa mai kaza a aljihu
ba ya jimirin as.

Na so in ce mata albashi
ba ya ganin sha biyar ga wata,
taki ya yi tsada, gida akwai bakuna tara.
Gaskiya ne. Amma su arba'in da bakwai ɗin
ba su suka ci mini ba.

Na ba ta tara bisa goma.
Ta ce, "Ɗayan fa, Malam?"
Na ce, "Tarina ya fi haka kauri."

Da Laraba ta zagayo
na ɗora wa ƙanena buhun, ya tafi,
ya sayar da asarar ɗari biyar.
Ba na cewa na zama waliyyi,
ran da riɗi ya hau, ƙafata kan yi ƙaiƙayi.
Sai dai yanzu biro na zama a aljihu,
kuma in "ina zuwa" ta taso mini a harshe
nakan waiwaya bencin ƙarshe,
in ga Tsahare ta sunkuyar da kai
tana kwafa.