Batir a Aljihu

Madam Hilda ba ta miƙa maka oba-oba sai ta juya ta,
ta bi bayanta da farce, ta murɗa eriya,
ta duba hatimin da ke cewa wannan ba ta tartsatsi.
Ta taɓa mayar da ni daga bakin keji
saboda tsaga ɗaya a murfi,
tsagar da ko gashin gira ba zai shiga ba.
Na yi ta gunaguni. Ta ce,
"Rajmund, iska ta fi gashi siranta."

Mita ɗari tara ƙarƙashin Rybnik
rana ba ta san da mu ba.
A sama dusar ƙanƙara, a ƙasa gumi har cikin takalmi.
Kwal yana numfashi, ba ka ji.
Iskarsa ba wari, ba launi, ba sallama,
sai 'yar na'urar ƙirji ta yi kukan ɗan tsako
ka san ka yi baƙo.

Ran Laraba, a lungu na shida, ni kaɗai,
na danna maɓalli, na ɗan dakata kamar yadda aka koya mana,
na ce, "Alojzy, Rajmund ne. Bel ya tsaya. Oba."
Shiru.
Na sake.
Jan ɗigon ya lumshe, ya buɗe,
ya lumshe, bai ƙara ba.

Ga sabon batir a aljihuna,
wanda na sakaya da safe bayan idon Hilda
don na tsani doguwar tafiya.
Babban yatsa ya riga ni isa ga makulli.
Aikin ƙiftawa biyu: cire, sa.
Amma tsakanin cirewa da sawa
ƙarfe yana rabuwa da ƙarfe,
kuma wurin rabuwar nan akan haifi ɗan haske,
bai kai ƙwayar gishiri ba.

Ɗan tsakon ƙirjina ya yi kuka.
Sau ɗaya. Sau biyu.

A ɗakin fitilu akwai allo mai ƙusoshi,
kowa ya fito ya rataye lambarsa.
Ƙusa ɗaya a jere na huɗu shekara goma sha tara ba komai a kanta.
Ba a cire ta ba, ba a ba wani.
Alojzy kan shafa ta da hannunsa na hagu,
hannun da fatarsa ke ƙyalli kamar leda,
bai taɓa gaya mini sunan ƙanen nasa ba.

Na janye yatsa.
Na rataye matacciyar a kafaɗa,
na juya fuska inda sanyi ke fitowa, na fara ƙirge.
Taku ɗari bakwai da tamanin,
gwiwa tana zagina, laka tana riƙe diddige,
har zuwa wayar bango a hanyar sabuwar iska.
Na ɗaga, na faɗi lamba, na faɗi wuri.
Aka yanke wuta. Aka kira mutane da sunayensu,
goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya suka amsa.

Babu abin da ya fashe.
Labarin ke nan duka, shi ya sa ba ya daɗin ji a mashaya.

Da muka hau, na ajiye batirin a kan tebur.
Hilda ta dube shi, ta dube ni,
ta jawo littafi ta rubuta sunana, ba ta yi sauri ba.
Ladan kwana biyu ya tafi.
Na rataye lambata.
Alojzy ya wuce ta bayana, baƙi ƙirin sai idanu,
ya ce, "Gobe ka gwada ta tun a sama, sau biyu."

A gida Jadwiga ta dafa miyar kabeji.
Ta tambayi yadda aiki ya tafi.
Na ce, "Na sha tafiya."
Na roƙi ƙari.