Littafin Ƙofa

Ni ne mai gadin masana'antar roba a Sharaɗa.
Ofishina inuwar darbejiya, kujerata benci,
kayan aikina biro da littafi,
sai agogon da gilashinsa ya tsage
amma bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Talata aka ce su zo, tara daidai.
Da daddare sama ta juye duk abin da ke cikinta,
gari ya waye kwatoci sun haɗiye titi.

Bakwai da kwata adaidaita ta sauke wata yarinya.
Huwaila, daga Rijiyar Lemo,
wancan bakin gari zuwa wannan bakin.
Takardunta a leda, ledar a cikin wata leda.
Ta gaishe ni har da tambayar kwanan iyali,
ta sayi ruwa ɗaya, ba don ƙishi ba,
ta tsuguna gefen ƙofa tana wanke taɓon takalmi.
Na ce, "'Yata, ai da sauran lokaci."
Ta ce, "Baba, gara in jira aiki
da aiki ya jira ni."
Na rubuta: bakwai da kwata.

Tara saura ashirin, sai ga Nafi'u a ƙasa,
wando a naɗe, haki a ƙirji.
Gawayin dutsen guga ya yi wa rigarsa ɗan ido,
yana rufe shi da ambulan
kamar mai ɓoye haƙorin da ya faɗi.
Leɓensa na motsi, yana tilawar amsoshi.
Na matsa masa a benci, na ce ya sauke numfashi,
ya sauke ƙafar wandon kuma.

Tara da rabi, hon ya tashi tsuntsayen darbejiya.
Turare ya riga mai shi shigowa,
shadda tana ƙara, waya a kunne.
"Kai, buɗe mana!"
Sallamar ke nan.
Wai cunkoso ne ya riƙe shi a Ɗangi.
Na ce a raina, ɗan nan,
ruwan jiya bai zaɓi unguwa ba.
An ce takardunsa sun fi na kowa nauyi.
Ni dai biro ba ya auna takarda.
Na rubuta: tara da rabi.

Bayan azahar manaja ta fito da kanta,
tabarau a karan hanci.
"Malam Tanko, ba ni littafin nan."
Ta bi layi da yatsa, ta tsaya, ta wuce, ta dawo.
Sannan ta ce, "A cikinsu wa ya gaishe ka?"
Ashe tambayar farko ba a sama ake yin ta ba,
a nan ne, gindin bishiya,
kafin kowa ya gyara murya.

Ran Litinin, bakwai da kwata,
wannan takalmin dai, a goge,
da katin aiki rataye a wuya.
Ta miƙo mini ƙosai mai zafi a takarda.
Nafi'u ma an ce ya dawo wata mai zuwa, sito na neman hannu.

Ban gaya musu ba.
Shekara talatin ke nan, wata masaƙa a Bompai ta kira ni,
ina da takardar sakandare, ina da ƙuruciya.
Na tsaya a Yakasai jiran takalmin aro,
mai shi ya tafi sayen koko.
Na isa ina ƙyalli daga ƙafa har hula,
wani tsoho a kan benci ya dubi agogonsa
ya ce, "An rufe."

Minti ashirin.
Su nake biya har yau,
a zaune, ina ƙirga lokacin wasu.