Wankin Jini

Ba da ƙafarta ta zo ba.
Goyo aka yi mata daga Gyallesu har Muciya,
don ramukan Sabon Gari sun fi ƙarfin cikinta.

Ja ce wur kamar attaruhu.
Kujera biyu tak, ba wurin suruka, ba wurin buhu,
tsayinta bai kai ƙuguna ba.
'Yan acaɓa suka kashe babura suna kallonta.

Tanimu ya ɗaga gaba, ya tarar da wayam.
Na ce, "Yaro, zagaya.
Irin wannan a baya take goyon zuciyarta."

Shekara talatin da ɗaya ina cikin baƙin mai,
bas-bas na Funtuwa, tifa, akori-kura,
ban taɓa wanke hannu kafin in taɓa inji ba
sai ranar da zan buɗe ta.

Fulogi takwas. Na kwance su ɗai-ɗai,
na jera a kan sabon tawul
kamar wanzami ya baje zabira.
Shida lafiya, biyu sun jiƙe sun yi baƙi.
Wata goma sha huɗu a ƙarƙashin tamfol,
ɓera har jego ya yi a matatar iskarta.

Na tayar. Na dafa dogon ƙarfe a jikin inji,
na kafa kunne a ƙota.
Can ƙasa, a bayan rurin,
wani abu na cewa ƙas, ƙas, ƙas,
kamar ƙadangare a kan rufin kwano.
Sarƙar taimin ta saki. Ita ce gaskiyarta.

Sallau dillali ya zo bayan La'asar
da turare da carbi da waya biyu.
"Mai saye na tafe daga Abuja ran Asabar.
Zuba mai mai kauri ya toshe bakin ƙarar nan.
Mita kuwa, ka san yadda ake mai da tsohuwa yarinya.
Wa zai leƙa hanjinta?"

Na ce ina mai ita.
Ya ce, "Injiniya Hayatu? Yana Shika.
Litinin da Alhamis ake jona shi da na'ura,
jini ya fita ta wannan roba, ya dawo ta waccan.
Gidan Hanwa ya tafi, gonar Dakace ta tafi.
Saura ita."

Ashe shi ne.
Wanda da asuba, kafin tireloli su farka,
yake tsaga titin Kaduna gida biyu,
mu ji shi daga Ɗan Magaji muna alwala,
mu ce, "Ga mahaukacin nan," muna girgiza kai,
amma ba mai ɗaga buta sai sautin ya ɓata.

Na kwance kusar ƙasa.
Man ya zubo da ɗumi, baƙi ƙirin,
da ɗan ƙyallin garin ƙarfe.
Na tara, na murza tsakanin yatsu.
Su biyu ke nan ake wa wankin jini a Zariya,
ɗaya ce kaɗai na san kan cutarta.

Ban zuba mai kauri ba.
Sarƙa ta taso daga Legas a motar dare,
kuɗin aikina ya bi ta.
Kwana uku, ba wuta, Tanimu na riƙe da fitilar waya,
Sallau na kira, ina barin ta tana ta ƙara.
Mita na nan yadda tafiya ta rubuta.

Daren Juma'a na murza makulli.
Ba ƙas, ba tari.
Na ɗauki muryar a waya, minti ɗaya da rabi,
na ce Tanimu ya hau keke-napep zuwa Shika,
kada ya ce komai, ya kai masa kunne kawai ya danna ta.

Ya ce mutumin ya rufe ido.
Ƙafarsa ta dama, a ƙarƙashin mayafi,
ta ɗan motsa, tana neman totur.
Ya ce, "Sake."
Sau huɗu, har nas ta leƙo.
Bai tambayi nawa aka taya ta ba,
bai tambayi wa zai gaje ta.

Asabar da hantsi aka sake goya ta.
Inda ta tsaya, wata bas ta Giwa ke tsaye yanzu
tana zubar da ruwan lagireto.
Na shiga ƙarƙashi, hannuna ba wanki.
Tawul ɗin dai na ninke na ajiye,
da zanen baƙi takwas, sawun fuloginta.